Ta ƙi tashi, fawa fak ne ko wani abin? Amsoshin tambayoyinku kan kwamfutar tebur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk magana ɗaya suke, kwamfutar tebur ta ƙi tashi, kuma kusan kowa ya riga ya yanke wa fawa fak, wato ɗan akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kayan cikin kwamfuta, hukunci tun kafin a buɗe akwatin. Wasu da gaskiyarsu, wasu kuwa kuɗi za su je su zubar a banza su dawo gida matsalar na nan zaune tana jiransu. Dan Allah masu turo tambaya nan gaba ku riƙa faɗa min samfurin kwamfutar, da abin da fanka take yi, da kalar fitilar gaba, da ko akwai ƙara, don "ta ƙi yi" kawai ba ta isa in gane komai ba.

TAMBAYA: Salam Injiniya ya aiki ya iyali. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi, jiya da yamma lafiya lau muka rabu da kwamfutata aka ɗauke wuta na rufe shago na tafi gida, yau da safe nazo na danna shiru, ko fanka bata juya ba ko 'yar fitilar nan ta gaba bata kawo ba. Yaron da ke maƙwabtaka da ni yace fawa fak ne in kawo kuɗi ya sayo sabo, dan Allah ya zanyi in tabbatar kafin in cire kuɗi, kasan dai yanayin garin.
Daga wani mai shago, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillahi. Yaron zai iya yin gaskiya fa, don wannan alamar da ka faɗa, shiru tsit ba fanka ba fitila, ita ce aka fi kama fawa fak da laifi a cikinta, amma kar ka miƙa ko sisi tukuna, akwai abubuwan da za ka duba da kanka ba tare da ka kashe komai ba.

Fara daga bango. Jona caja ko fankar ƙasa a soket ɗin ka ga akwai wuta, in ta ekstenshan kake jonawa cire ta ka sa kai tsaye a bango, ekstenshan ɗin nan masu araha sun fi komai cin amana. Sai wayar wutar, ciro ta monita ka sa wa kwamfutar, yawanci iri ɗaya ce mai rami uku. Filogin nan mai ƙafa uku irin na Ingila da muke amfani da shi a Najeriya akwai fiyus a cikin kansa, in aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare shi ne yake fara tafiya, kuma mutane sukan manta ma yana nan. A bayan akwatin kuma duba ko akwai ɗan makunni mai alamar 0 da I, ya zama yana kan I, mai shara ma yana iya ture shi bai sani ba. In duk waɗannan lafiya, zare wayar gaba ɗaya ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 ka saki sannan ka mayar da waya ka gwada. Dalili, fawa fak yana da kariya a ciki, in ya ji abin da bai gane ba yakan kulle kansa ya ƙi sakewa sai an raba shi da wuta ɗungurungum.

Toh in har yanzu shiru, buɗe murfin gefe. Da yawa daga cikin madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan ciki a jikinsa, suna da 'yar ƙaramar fitila da ke kawowa da zarar an jona wuta ko ba a kunna ba, don fawa fak kullum yana turo bolt 5 na jiran aiki ta wata waya mai kalar shunayya, da ita madabod yake jin an danna maɓalli. In fitilar ta kawo, fawa fak bai mutu murus ba, sai ka zargi maɓallin kunnawar shi kansa. Bi siririyar wayarsa har inda ta shiga madabod, za ka ga an rubuta PWR SW ko makamancin haka, zare ta ka taɓa ƙafafun nan biyu tare da bakin sukudireba na ɗan lokaci kaɗan. In ta tashi shikenan, maɓalli ne, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

In ba haka ba sai gwajin da kowane mai gyara ya sani. Zare wuta, cire duk wayoyin fawa fak daga madabod da had dis (ma'ajiyar fayiloli) da komai, ɗauko babban kan nan mai rami 24, tsofaffi 20 ne. A cikin wayoyinsa guda ɗaya ce tak koriya. Lanƙwasa kilif ɗin takarda ko guntuwar waya, baki ɗaya a ramin koriyar ɗaya bakin a ramin kowace baƙar waya, sannan ka jona wuta. In fankar fawa fak ta juya yana da rai, in ko motsi ba ta yi ba to yaron ya ci gari. Wasu sababbin duk wayoyinsu baƙaƙe ne ba kala, wannan kar ka yi canke, rami na 16 ake nema amma ta wane gefe za a fara ƙirgawa nan ne mutane ke ruɗewa, nemo zanen ramukan ka duba da idonka.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa, juyawar fanka ba shaidar lafiya ba ce, shaida ce kawai cewa bai mutu ba. Wasu masu tsada ma fankarsu ba ta juyawa sam sai sun ɗau zafi. Don haka in za ka samu mita ta masu gyaran rediyo, sa ta a DC 20, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke kana zagayawa da shi. Waya mai ruwan ɗorawa bolt 12 ce, ƙa'ida ta yarda daga 11.4 zuwa 12.6. Ja bolt 5, daga 4.75 zuwa 5.25. Ruwan lemo bolt 3.3, daga 3.14 zuwa 3.47. Wato kashi 5 cikin 100 sama ko ƙasa, haka tsarin ATX na kwamfutar tebur da kamfanin Intel ya fito da shi tun 1995 ya tanada. Akwai kuma waya mai ruwan toka, ita ce fawa fak yake sanar da madabod da ita cewa wuta ta daidaita ka iya tashi, cikin rabin daƙiƙa ya kamata ta kawo, in ba ta kawo ba ko sauran duk daidai suke kwamfutar ba za ta tashi ba.

In kuma ka ga fanka ta ɗan zabura ta tsaya duk lokacin da ka danna, wannan sau da yawa shot ne a wani wuri, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, fawa fak ɗin kare kansa yake. Tunda shagon buga takardu ne, leƙa ramukan USB da tocila, kowa ya zo da filashinsa ya cusa ta kowace fuska har ƙarafan ciki su lanƙwashe su haɗe, ramin USB ɗaya da ya lalace ya isa ya hana kwamfuta tashi. Cire komai ka bar madabod da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ram ɗaya (siririn faifan da take riƙe aikin da take kai), ka riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya har ka kama ɓarawon. Gwajin da ya fi duka kuwa shi ne ka ce yaron ya aro fawa fak mai aiki a jona a gabanka, ta tashi ka biya, ta ƙi kowa ya riƙe nasa.

TAMBAYA: Malam yayana ne ya aiko min da kwamfuta daga Amurka cikin kaya, ina jonawa naji tas! sai hayaƙi da ƙauri, wlh ko minti ɗaya banyi da ita ba. Shikenan ta tafi?
Daga wani matashi, Jos

AMSA: Ayya, sannu ƙanena. Juya bayan akwatin kusa da inda wayar wuta ke shiga, ina kyautata zaton za ka ga wani ɗan jan makunni da aka rubuta 115 a jikinsa. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya 230, ta Nijar 220, wannan makunnin sai an tura shi ya nuna 230 kafin a jona a nan. Ka ba shi ninkin abin da aka saita shi a kai, shi ne ƙarar da ka ji. Labari mai daɗi shi ne galibi fawa fak ɗin kaɗai ke tafiya, madabod yakan tsira, ban ce kullum ba amma galibi. Kar ka sake jona shi don "a gani", a canza wani kawai. Waɗanda ba su da jan makunnin kuma aka rubuta 100–240V a takardar jikinsu, su ba ruwansu, da kansu suke daidaitawa. Kuma in har da firinta yayan naka ya haɗo, musamman mai leza, karanta takardar bayanta kafin ka kusantar da ita soket, yawancin na kasuwar Amurka 110 zuwa 127 kawai suke ɗauka kuma babu makunnin canzawa, sai da taransifoma.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ni ɗaliba ce ina rubuta furojet, kwamfutar gidanmu in na kunna fanka tana juyawa fitila tana kawowa har ƙarar nan ta cikin sifiyu inaji amma allon baƙi ƙirin sai rubutun No Signal yana yawo, wani lokacin tana yin ƙara tit tit tit. An ce min fawa fak ne ya yi sanyi, ni dai tsorona aikina da ke ciki dan Allah a taimaka.
Daga wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki, aikinki yana cikin had dis kuma wannan alamar ba ta nuna had dis ya taɓu ba, ko kwamfutar ta ƙi gyaruwa ana ciro shi a jona a wata a kwashe komai. Wanda ya ce miki fawa fak ne kuwa ni ban bi bayansa ba, ba wai ba ya yiwuwa ba, amma a jerin waɗanda ake tuhuma shi ne can baya. Na gaba-gaba ram ne.

Wannan tit tit ɗin da kike ji ba shirme ba ne, magana kwamfutar take. Kafin ta nuna komai a allo sai BIOS, ɗan shirin da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, ya bi firosesa da ram da ɓangaren hoto ya duba, in ya tarar da matsala ba shi da allon da zai rubuta miki sai ya yi ƙara. Ki ƙirga sau nawa take yi kafin ta ɗan tsaya ta sake. Kowane kamfani da nasa lissafin, amma misali tsofaffin HP Compaq na ofis ɗin nan da suka cika kasuwar na hannu, irin su 6000 Pro da 8200 Elite, ƙara 5 da jar fitila tana ƙiftawa sau 5 ram ne, 6 ɓangaren hoto, 4 matsalar wuta, 2 firosesa ya yi zafi. Kinga in 4 kika ƙirga a irin wannan to mai maganar fawa fak ya yi daidai. Sababbin madabod kuma wasu suna da 'yan fitilu huɗu a jere an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce mai ƙorafin.

Abin da za ki yi, zare wuta, ki taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ki taɓa komai a ciki, balle lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai ɗan tsikarin mutum in ya taɓa ƙarfe, ita kanta tana lalata kayan ciki. Buɗe maƙalan gefen ram, ciro shi, ki goge bakinsa mai ruwan zinare da kilinar fensir a hankali, ki kaɗe garin, ki hure ramin, ki mayar ki danna har ki ji ƙas ta gefe biyu. In guda biyu ne gwada ɗaya-ɗaya, kowanne a rami daban. Ƙurar ƙasar nan da zafi da sanyin da ke sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke su ne suke sa ram ya saki, ba sai wani ya taɓa ba. Duba wayar monita ma, in kwamfutar tana da katin hoto daban a ƙasa to a can ake jonawa ba a ramin sama na madabod ba, kuma ki tabbata monitar tana kan hanyar da kika jona, VGA ko HDMI. In duk an yi ba labari a cire batirin madabod na 'yan mintuna a mayar don BIOS ya koma yadda ya zo daga kamfani. Ranar da ta tashi kuma, kafin komai ki kwafe furojet ɗin nan a filashi ki tura wa kanki ta imel.

TAMBAYA: Ina kwana Malam. Ina haɗa bidiyon biki da suna, na ƙara katin hoto a kwamfutata, tana tashi lafiya ina komai lafiya amma da na fara fitar da bidiyo sai ta mutu ɗif kamar an zare waya, wani lokaci ta sake tashi da kanta. Fawa fak ɗin an rubuta wat 650 kuma sabo ne, to mene ne?
Daga mai ɗaukar bidiyo, Maraɗi

AMSA: Lafiya lau, ina gajiya. Biyu ne, ko zafi ko fawa fak, kuma raba su ba wuya. Sauko da HWiNFO ko HWMonitor, kyauta ne, ka buɗe shi a gefe ka fara fitar da bidiyon kana kallon zafin firosesa da na katin. In ka ga firosesa yana haurawa 95 zuwa 100 kafin ta mutu to zafi ne, a busa ƙura da bulawa, a riƙe fanka kar ta yi ta juyawa lokacin busawar, a canza man nan da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi. Wata alama, in zafi ne takan ƙi tashi nan take ko ta tashi ta sake mutuwa da wuri sai ta huce. In kuwa zafin bai wuce 70 da wani abu ba amma ta yanke ɗif ba shuɗin allo ba gargaɗi, daidai lokacin da kati ya fara jan wuta, ni fawa fak nake kallo. Kamar babur ne da ke ta ruri lafiya a tsaye, a ɗora masa buhu biyu a nufi tudu ya mace.

Wat 650 ɗin da aka rubuta da manyan baƙi kuma kar ya ruɗe ka, rubutu ba wuya. Karanta ɗan teburin da ke jikin takardar, nemo inda aka sa +12V ka ga amf nawa ne a ƙarƙashinsa ka ninka da 12, don firosesa da katin hoto duk daga bolt 12 suke sha. In ka ga 18A, wat 216 kenan, sauran lissafin an cike shi ne da layin bolt 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar yanzu ba ta cika buƙata ba. Na ƙwarai mai wat 650 za ka ga layin 12 ɗinsa ya haura amf 50. Ɗaga shi ma ka ji, na bogi fayau yake kamar ba komai ciki, kuma da gaske ba komai ɗin. Katin hoto yana jan har wat 75 daga raminsa na madabod, kan waya mai rami 6 ya ƙara 75, mai rami 8 ya ƙara 150, in fawa fak ɗinka bai zo da waɗannan kawunan ba har sai da aka yi maka dabarar adafta daga wayar had dis, to ka ga amsarka, kuma wannan adaftar tana iya narkewa. In ka leƙa Event Viewer, inda Windows take rubuta abubuwan da suka faru, za ka ga Kernel-Power 41, kar wani ya ce maka ai ga hujja, abin da yake nufi kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko ɗauke wuta aka yi haka zai rubuta.

In za ka saya nemi sunan da aka sani, irin su Seasonic, Corsair, Cooler Master, FSP, mai tambarin 80 Plus, ko da yake tambarin maganar rashin ɓarnar wuta yake ba shaidar inganci ba, kuma shi ma ana buga na ƙarya. Ni a ganina gara na hannu na kamfanin kirki da aka gwada a gabanka da sabo dal marar suna. In ka sayi irin wanda ake zare wayoyinsa, yi amfani da wayoyin da ya zo da su kaɗai, na wani ko sun shiga daidai tsarin cikinsu ba ɗaya ba ne, haka ake ƙona had dis da aikin mutane a ciki.

TAMBAYA: Oga Dell OptiPlex 9020 ce dani, fitilar maɓallin tana ƙiftawa ruwan lemo bata tashi, na sayo fawa fak a kasuwa nazo kan wayar yaƙi shiga.
Daga wani ma'aikaci, Kaduna

AMSA: Ba zai shiga ba ranka ya daɗe, kar ma ka matsa masa. Dell 3020 da 7020 da 9020 kansu mai rami 8 ne nasu na kansu, HP na ofis da yawa mai rami 6, Lenovo kuma akwai mai 14 akwai mai 10, waɗannan bolt 12 kawai suke ba madabod shi ya rarraba sauran. Gwajin koriyar waya da na yi bayani a sama ma ba nasu ba ne. Abin da Dell ya yi mai kyau, a bayan fawa fak na yawancin OptiPlex akwai ɗan maɓalli da fitila, zare wuta ka ɗan jira ka mayar ka danne maɓallin, in fitilar ta kawo ta tsaya fanka ta juya yana da lafiya. In ba ta kawo ba cire wayoyinsa daga madabod ka sake dannawa, ta kawo yanzu to wani abu ne a ciki yake janyo shi ƙasa, ta ƙi to shi ne. Ƙiftawar ruwan lemon ma ƙirga ta, takan yi kaza ta tsaya ta yi kaza, littafin samfurin yana da fassarar kowacce. In ta tabbata shi ne, ciro tsohon ka tafi da shi kasuwa a hannu a ba ka mai lamba iri ɗaya, don ko a 9020 ɗin na dogon akwati daban na siririn daban. Wanda ka saya kuma ka lallaɓa mai shagon ya karɓa.

TAMBAYA: Ɗana, kullum na kunna sai ta tsaya ta ce in danna F1, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya, intanet ma sai ta ƙi buɗe shafuka. Jikana ya ce wutar ciki ce ta lalace.
Daga wani dattijo mai ritaya, Sakkwato

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, wannan mai sauƙi ce. Batiri ne ɗan fele-fele kamar kwabo a jikin madabod, lambarsa CR2032, bolt 3, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in ba wuta, a wurinmu da wuta ke yawan tafiya ya fi saurin ƙarewa. A sa jikan ya canza, gefen da ke da alamar + yana kallon sama, a gyara kwanan wata, shafukan za su buɗe, agogon da ya kauce ne yake sa burauza ta ƙi yarda da su.

TAMBAYA: Injiniya tawa sai na danna kusan sau goma da safe kafin ta kama, in ta kama kuma shikenan har dare ba matsala. Wani mai gyaran talabijin yace zai buɗe fawa fak ɗin ya gyara, in bashi ko in sayi wani?
Daga wani mai kafe, Gombe

AMSA: Wannan kam alamar kafasita ce, 'yar abar nan mai tara wuta, da ta gaji, in sun tsufa ruwan cikinsu yana bushewa, da sanyi ba sa aiki sosai sai sun ɗan ɗumama, shi ya sa safiya ce matsalarka kuma za ka ga abin yana ƙaruwa, yau sau goma wata mai zuwa sau talatin har ranar da za ta ƙi gaba ɗaya. Kafin ka ɗora wa fawa fak duba madabod da tocila, kafasitocin nan masu kama da ƙananan gwangwani kansu ya kamata ya zama a shafe, in ka ga wanda ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa to madabod ɗin ne. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi fama da wannan sosai saboda wasu kafasitoci marasa kyau da suka cika kasuwa a lokacin.

Maganar gyara, in mai talabijin ɗin ya san aikinsa yana iya canza su kuma ya yi aiki, sana'arsu ce. Kai dai kar ka buɗe da kanka ko an zare waya, babbar kafasitar ciki tana riƙe bolt sama da 300, wasu kusan 400, kuma ba ta sauke shi nan take. Kuma in ya buɗe ya tarar fiyus ya ƙone kar ka yarda ya ɗaure da waya, fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ya mutu a gabansa, a irin wuraren namu ma har tsaka da kyankyaso ake tararwa sun shiga sun haɗa wuta. Bayan gyara a auna da mita kafin a jona wa madabod. In kuɗin gyaran ya kai rabin na wani mai kyau ni saye zan yi, tunda da kwamfutar kake cin abinci.

TAMBAYA: Malam akwatin kwamfutata yana ɗan jan mutum in an taɓa musamman ba takalmi, kuma in aka ɗauke wuta UPS yana ƙara amma kwamfutar sai ta mutu ta sake tashi. Da ƙaramin janareta nake aiki da rana. Fawa fak ne duk?
Daga wata mai shagon hoto, Katsina

AMSA: Hajiya abu biyu ne daban. Jan da akwatin ke yi yawanci ba lalacewa ba ce, rashin wayar ƙasa ne. A bakin kowane fawa fak akwai wasu ƙananan kafasitoci masu tace wuta da ke zubar da ɗan abin da suka tace ta ƙafa ta uku ta filogi zuwa ƙasa, in gidan ba a yi masa wayar ƙasa ba, ko ekstenshan ɗin waya biyu ce kawai a ciki, ko an karya ƙafar, sai wannan 'yar wutar ta zauna a jikin akwati tana jiran wanda zai taɓa. Ko sabo kika saya haka zai yi. Kira mai wayarin ya kafa ƙarfen ƙasa ya haɗa wa soket ɗin, janaretan ma a yi masa. Amma in jan mai ƙarfi ne har yana wurgar da hannu, kashe komai kar a sake taɓawa sai ya zo.

UPS kuma, na'urar da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, fara da batirinsa, ƙananan nan batiri ɗaya ne mai bolt 12 amf 7 a ciki, a zafin Katsina in ya shekara biyu ya yi ƙoƙari, zai yi ta ƙara kamar yana aiki alhali ba abin da yake riƙewa. Ki lura kuma 650VA da aka rubuta ba wat 650 ba ne, bai fi wat 360 zuwa 390 ba, in kin jona firinta mai leza a kai cire ta yau ɗin nan. In batiri sabo ne kaya ba su yi yawa ba amma tana sake tashi, nan ne fawa fak zai shigo, don tsakanin ɗaukewar wuta da kamawar UPS akwai ɗan gibi na ƙiftawar ido, ƙa'ida ta ce fawa fak ya iya riƙe kansa wajen kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa, wanda ya tsufa ba ya iyawa. Wasu sababbin fawa fak kuma ba sa shiri da wutar ƙananan UPS da inbata masu araha, sun fi son wadda aka rubuta pure sine wave a jiki. Gwada wata kwamfutar a kan UPS ɗin ki zare filoginsa daga bango, in ita ta tsaya to taki ce mai matsalar.

Janaretan nan ƙarami kuwa wutarsa hawa da sauka take duk sanda aka kunna firji ko mai ya kusa ƙarewa, wasu UPS ma ƙin karɓarta suke su yi ta komawa batiri har ya ƙare. Sa sitabilaiza a gaba, ki bar janaretan ya daidaita kafin ki kunna kwamfuta, ki kashe ta kafin a kashe shi. In an tashi daga aiki kuma a zare filogin daga bango gaba ɗaya, balle da damina lokacin tsawa, kashewa ta Windows kaɗai ba ta raba fawa fak da layin wuta.